Na'Allah, Mai Zuwa a Ƙarshe

Da an idar da sallar asuba, Malam Na'Allah makanikin En'e, wato hukumar gargajiya ta Kazaure, zai nufi rumfar da ake ajiye babura, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsa taya da babban yatsa. In an kawo sabuwar tayar baya, sai ya zaro wuƙa ya yi mata tsaga irin ta fuska a tudun roba: wata bille, wata kalangu, wata 'yar baka. Ma'ajin kaya ya sha yi masa faɗa kan ɓarnar kayan hukuma. Shi dai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," gobe ya ƙara.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne, duk ƙasar nan babu mai iya babur kamarsa, amma ba a taɓa ganin ya shiga gari a gaba ba. In malaman allurar shanu sun fita rangadi a jere, ko Roni ko Gwiwa, shi ne can baya, kansa a sunkuye kamar wanda allura ta ɓace wa. Kafin ya iso an gama sannu da zuwa, furar dagaci saura ruwa-ruwa. Me yake nema a ƙasa?

Masu hawa sun ce tafiyar ayari a babur ba irin ta jakuna ba ce. Rairayi ya riƙe wannan, ƙaya ta huda wancan, ƙorama ta cinye hanyar da aka bi bara. Ga ƙarar inji, ko na bayanka zai tsage maƙogwaro ba ka ji. Kuma yawancin malaman nan a kan doki suka tashi. In babur ya ƙwace, maimakon su taka burki sai su ja kansa kamar linzami, har da tsawa.

Amsar ta fito ne shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanun Gwiwa. Bayan an wuce duwatsun Roni, Na'Allah ya iso wata mararraba, ya ga sawun bille da na 'yar baka sun miƙe, na kalangu kuwa ya ratse ya bi burtali. Kalangu tayar Malam Daudu ce, wanda bai daɗe da kama aiki ba. Ya bi sawun har bakin kwazazzabo. Can ƙasa ya hango Daudu, babur ya danne shi, ƙafa ta karye, zazzafar salansar babur ɗin tana cin ƙwaurinsa, rana kuma ta take. Babu gida, babu ruga kusa.

"Baba, na ja shi ya ƙi tsayawa," in ji Daudu.

"Ai ba ya cin dusa, ɗana. Cije, zan ɗaga."

Ya karyo kara ya ɗaure ƙafar, ya warware rawaninsa ya goya ƙato a baya. Sauran suna ƙofar dagaci ana zagaya ƙwarya, ko lura ba su yi ba, sai ga Na'Allah da Daudu. Mai ɗori ya ce da ya kai la'asar a ramin nan, sai dai wani labarin. Inna Tasalla, mahaifiyar Daudu, har yau in aka ambaci Na'Allah sai ta share ido ta ce, "Ni na haifa, shi ya tsinto mini."

Kai ne makiyayin masu gudu, Na'Allah. Ka bar wa wasu gaba da gaisuwa, ka ɗauki baya da guntun fura. Wallahi kunya ta kama mu, mu da muka yi ta yi maka dariyar tsaga taya.

Yanzu ido ya yi rauni, sawu ba ya karantuwa, ya ajiye aiki. Ranar da aka taru yi masa sallama, kowa ya hallara sai shi. Can ya ɓullo da ƙafa, yana duban ƙasa. Daudu ya hana kowa taɓa ƙwarya. Ya taso yana ɗingishi, ya durƙusa ya miƙa masa.

"Yau kai za ka fara, Baba."

Na'Allah ya waiwaya bayansa tukuna, ya ce, "Kowa ya iso?"

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa a gama lafiya. Ku kuma masu rige-rigen shiga gari, a samu wani a cikinku ya koma baya.