Ƙusar Hular Yaya Iliya

Shekara huɗu ke nan cif da muka binne yayana Iliya, kuma har yau ban bari an yi wa bangon ɗakinmu na unguwar International City, a nan ƙasar Larabawa inda muke ci-rani, fenti ba. Mai kula da ginin ya yi magana har ya gaji.

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki Iliya yake yi a unguwar Abu Hail. Ranar Juma'a kuwa, da yake babu aiki, sai ya saki labule ya haska tsofaffin finafinan Turawa a bangon nan, na farkon zamani, marasa magana, masu siddabaru. Mutum na tsaye, sai ka ga ya ɓace ko ya koma tulu. Ni dariya nake yi, shi kuwa sai ya tsayar da fim ɗin.

"Kai, daina washe baki. Duba wa ake ɓatarwa. Kullum baƙin mutum ne, ko boyi, ko mai rawani. Ka taɓa ganin maigidan ya ɓace?"

Shi ya nuna mini dabarar: a tsayar da kyamara, a janye mutum, a ci gaba da ɗauka kamar ba a taɓa yin sa ba. Shekara uku ya yi yana ɗaukar hoton bangon da wayarsa, yana rubuta wa aka wulaƙanta, wa aka bari da mutuncinsa.

Akwai wani Dakta ɗan garinmu da ke koyarwa a nan, mai zuwa cin tuwonmu. Da ciwon Iliya ya yi tsanani, sai ya karɓi rubutun da hotunan gaba ɗaya, yana cewa da ɗan Larabcinsa, "Khalas, habibi, shi ke nan abokina, kwantar da hankalinka. Da sunanka zai fito, inshallah."

Watan jiya littafin ya fito da sunan Dakta shi kaɗai. Na bi shi shafi-shafi, ko a wajen godiya babu Iliya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Na san halinsa, cewa zai yi a bar shi da Allah tunda dai an karanta. To ni ba Iliya ba ne. Ban yafe ba, kuma so nake Dakta ya sha kunyar da za ta hana shi shiga taron 'yan gida har abada.

Ga abin da idon Dakta bai kai ba. A bangon nan akwai ƙusar da Iliya ke rataye hularsa, kuma ba ya sauke ta in zai haska fim. Duk hoton da ke littafin, a kusurwar dama ta sama, ga hular nan. Amma Dakta ya rubuta wai a Turai ya ɗauko su da kansa.

Iliya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, aikin nan ne kaɗai abin da za a tuna shi da shi. Ranar Juma'a mai zuwa ƙungiyarmu ta 'yan gida za ta karrama Dakta, ni kuma na gayyace su duka cin tuwo a ɗakinmu bayan taro. Kowa zai zo da littafinsa a hannu. Na ware wa Dakta kujerar da ke fuskantar bango, hular kuma tana nan a kan ƙusarta.