Maman Gambo, Mai Share Mana Hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, mota ta kaɗe Maman Gambo mai kifi a kan hanyar da ta taso daga garinmu, Tudun Gawo, ta nufi Madarumfa. Kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Mai motar bai tsaya ba, har yau ba mu san ko wane ne ba. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, ya bar matarsa Hasana da 'ya'ya biyar.

Maman, ni ne Abdurrahman, abokinka, wanda ka ƙi daina kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan, ko bayan na bar koyarwa a lakwal, wato makaranta. Kwana bakwai ke nan ina zaune a wurin makoki ina jin ana yabonka, ina kallon bakin masu yabon, raina yana ɓaci. Na ga gara in rubuta nawa, domin akwai abin da ba a faɗa ba, kuma a wuyana yake.

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san baƙin kekenka, da kwandon kifi a baya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ka ɗauko daga bakin tafki, ka bi ƙauyuka har Safo. Bayan kifi, kullum akwai guntun shebur da tsintsiyar kaba ɗaure a jikin keken. A lokacin hanyarmu jar ƙasa ce. In ka ga rami sai ka sauka ka cike, ka tattake da ƙafa. In ka ga ƙaya sai ka share. Shekara talatin kana haka ba wanda ya sa ka. Ladan da ka samu a wurin mutanen gari shi ne laƙabi, suka sa maka Sarkin Rami, ana faɗa ana dariya.

A kan hanyar nan muka san juna. Ina sabon malami, ƙayar aduwa ta fasa mini taya, na tsaya ina zufa ina duban agogo. Ka iso, ka yi mini faci, na yi godiya zan hau sai ka riƙe sirdin. Ka ce, "Mushe, ƙayar fa tana nan tana jiran na bayanka. Sauko mu share." Ranar na makara, darakta ya yi mini faɗa, amma na samu aboki.

Bayan damina, in ƙasar ta daddale, babu hanyar da ta kai tamu daɗin keke. Hatsi dama da hagu ya fi mutum tsawo, ba ka jin komai sai ƙarar taya da kukan kurciya. Mukan jera mu yi tafiya mai nisa. Ni ina jin daɗin hanyar, kai kuma idonka yana ƙasa kana neman abin gyara.

Shekara biyu da suka wuce aka shimfiɗa wa hanyarmu godoro, wato kwalta, baƙi wuluk, sumul kamar tafin hannu. Duk garin ba wanda ya kai ka murna. Ranar da aka buɗe ta, sau biyu ka je Madarumfa ka dawo ba ko kifi ɗaya a kwando. Ka tsaya ƙofar gidana kana haki kamar yaro, ka ce, "Mushe, keken da kansa yake tafiya!"

Shirun hanyar bai daɗe ba. Direbobin da ke neman yanke zuwa iyakar ƙasa suka gano hanyar, suka mayar da ita filin tsere. Aka fara da kaji, aka koma awaki, aka kaɗe jakin amalanke. Sai ka miƙe a taron ƙofar maigari, kai da ba ka saba magana a taro ba. Ka ce a yi tudu a kan hanya, daidai inda ta lanƙwasa wajen babban gawo, don motoci su riƙa rage gudu. Ka ce Mushe ya iya Faransanci, ya rubuta wa hukuma takardar neman izini.

Ni ne na ba ka amsa, Maman. Na ce, "Shekara talatin kana baje tudu, yau kuma tudu kake nema? Sarkin Rami zai koma Sarkin Tudu ke nan." Aka bushe da dariya, na ji daɗin an yi dariyar. Kai ba ka yi fushi ba. Ka ce, "Mushe, na fi ka son santsinta. Amma na ga yadda suke shigowa." Na ce to, gobe zan rubuta. Wata takwas goben ba ta zo ba. Kuma ba mantuwa na yi ba. Gangaren nan na wajen gawo, inda nake sakin feda keke ya kwashe ni iska tana dukan fuskata, shi ne ba na so a ɓata mini.

Ranar Talatar nan wani kamiyo, babbar motar kaya, ya lalace a lanƙwasar. Direban ya tokare tayoyi da duwatsu, aka gyara, ya tafi ya bar duwatsun a tsakiyar hanya, kamar yadda suka saba. Mutane da yawa sun wuce, kowa ya kauce ya yi gaba. Kai ka sauka, ka jingina keke da gawo. Ka kawar da uku. Na huɗun yana hannunka motar ta ɓullo. Da muka isa, keken yana nan a jingine ko ƙwarzane babu, kifin yana cikin kwando.

A wurin jana'iza Liman ya tuna mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Na ga masu gyaɗa kai, na kuma san waɗanda suka kauce wa duwatsun nan da safe a cikinsu. Wasu masu zuwa ta'aziyya da motoci, da gudun da ya kashe ka suka zo, da shi suka koma. Yau kowa yana cewa kai mutumin kirki ne, ba wanda ya tuna Sarkin Rami. Amma ba ni da bakin zagin kowa, su kauce wa dutse suka yi, ni kuwa alkawari na ɗauka.

Ranar sadakar uku Hasana ta aiko 'yarka Nusaiba da sheburinka. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba Mushe, Inna ta ce a ba ka wannan. Ta ce Baba kullum yana cewa za ka rubuta takardar, aiki ne ya yi maka yawa, kai ba ka karya alkawari." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta takardar a ranar, ko minti goma sha biyar ba ta ɗauke ni ba. Jiya kuma, ba mu jira amsa ba, muka fita da maigari muka tara jar ƙasa muka yi tudun da sheburinka. Mun ɓata hanyar da ka fi kowa so. Na bi ta kansa da keke, ya jijjiga ni har haƙorana suka haɗu, kuma haka nake so ya riƙa yi mini kullum har in tarar da kai.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Maman Gambo, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka share masa hanya zuwa Aljanna kamar yadda ya share wa bayinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hasana, da Nusaiba da ƙannenta, da dukkan dangi da masuntan bakin tafki. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya wa marayu. Ni kuma, tunda wanda zan roƙa gafara ya riga ya tafi, ku nake roƙo, ku yafe mini.