Likkafanin da Na Jiƙa a Mina

Jikata, wadda take aikin jinya a wani asibiti nan Makka, ita ta jawo ni kallon wasan. Ni talabijin ba ta dame ni ba, in ba salla ake nunawa daga Harami ba. Amma ranar hutunta takan zo ta baje a ɗakina, ta kunna wani wasan kwaikwayo na 'yan matan Ostiraliya da suka bi sojojinsu yaƙin duniya suna jinyar waɗanda aka raunata. Turanci suke yi, ana rubuta fassarar Larabci a ƙasa, idona kuwa ya daina kaiwa nan. Ita ke gaya mini abin da aka ce, rabi Larabci rabi Hausa, irin Hausar da ko gishiri ba za ta saya mata a Kano ba.

Tantunan ne suka riƙe ni. Tanti bayan tanti cikin rana, mutane kwance a ƙasa, ga ƙuda, ruwa ana tattalinsa, mata sun naɗe hannun riga suna matse tsumma. Na ce mata ai wannan Minar zamaninmu ce, bindiga kawai babu. Sai aka zo inda wani soja ya farfaɗo ya ga an yanke masa ƙafa. Ya kalli yarinyar da ta yi ta fama da shi har ya rayu, ya ce da ta bar shi ya mutu, ya kawar da kai. Jikata ta ce wannan butulu ne. Na ce ta yi masa uzuri, ni ma an taɓa yi mini wannan kallon.

A farkon shekarun sittin ne, lokacin da aikin hajji yake faɗowa cikin tsananin zafi. A Makka aka haife ni, iyayena Kanawa ne da suka zo hajji ta ƙasa suka zauna. Ban daɗe da aure ba, muna zaune a unguwar Mansur. Mijina yana aiki wurin wani mudawwifi, wato mai saukar alhazai yana yi musu jagora. Ni kuma in lokacin ya zo ina dafa wa alhazan Najeriya abinci, ina kula da matansu, tunda ina jin harshensu, na kuma san gari.

A cikin alhazan wannan shekarar akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, ɗanta ya kawo ta. 'Yar ƙarama ce, busasshiya kamar kara, amma bakinta ya fi jikinta ƙarfi. Ba ta taɓa cin tuwona ta yi shiru ba: yau miya ta yi ruwa, gobe wa ya koya mini tuƙi. Ina ce mata Inna, tana ce mini ɗiyar Makka, kuma duk da kushen nan jininmu ya haɗu.

Ba ta ɓoye wa kowa cewa ba da niyyar komawa ta zo ba. Kafin ta taso ta raba kayan ɗakinta, ta ba jikoki awakinta, ta bi gida-gida ta nemi gafara. Ta taho da farin alawayyo na likkafaninta. Washegarin saukarsu ta sa aka kai ta Harami, ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta shanya yadda alhazai suke yi, ta ninke ta mayar da shi matashin kai. Burinta ɗaya ne, a yi mata salla a gaban Ka'aba a rufe ta a ƙasar Makka. Ba kanta farau ba, kowace shekara muna ganin irinsu, ba mai ɗaukar abin da mamaki.

Arfa ta yi lafiya lau, a Muzdalifa ta tsinci tsakuwarta da hannunta. Ranar salla a Mina na ce ta ba ɗanta ya yi mata jifa, tunda an yarda wa tsofaffi. Ta ce ba ta taso tun daga Sakkwato don ta aika a jefar mata da Shaiɗan ba. Ta fita da hantsi, da azahar aka dawo da ita goye a bayan ɗanta, ba ta san inda take ba. Jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu, kuma ko ɗigon gumi babu. Mu 'yan gari mun san wannan alamar. In rana ta bugi mutum har gumi ya ɗauke, to saura ƙiris. Wurin likitoci yana can ƙarshen kwari, hanya kuwa ta cushe da mutane da dabbobin hadaya, ba yadda za a ratsa da ita ta kai da rai.

Abin da na ga mahaifiyata tana yi shi ne a jiƙa babban zane a naɗe mutum, a yi ta fifita, in ya bushe a sake jiƙawa. Na duba tantin, kowa ya bar kayansa a Makka, daga shi sai abin da ke jikinsa. Ƙunshin tsohuwa kaɗai na gani. Na kwance shi, na tsoma alawayyon cikin garwar ruwan girki. Ɗanta ya kama gefen zanen.

"Baiwar Allah, tana da rai za ki sanya ta ciki?"

Na ce masa, "Alhaji, ko ta shiga yanzu yana jiƙe, ko ta shiga da la'asar yana bushe. Zaɓi."

Ya saki, ya koma bayan tanti yana kuka. Na bi shi da murya na ce in kukan ya ishe shi ya nemo mini mai garwa. Yawancin matan suka ja gefe suna salati, don ba wadda take son taɓa likkafani a jikin mai numfashi. Wasu kaɗan suka zo suka taya ni fifita da murafan tukwane. Ruwan girki duk a kanta ya ƙare, ranar gurasa tsura alhazai suka ci suna gunaguni.

Da la'asar sakaliya ta buɗe ido. Ta dubi farin da ke jikinta, ta shafa shi, ta gane nata ne. Ban taɓa ganin fuska ta washe irin haka ba. Ta fara hamdala ƙasa-ƙasa, tana cewa ta samu, ta samu, a zatonta ta riga ta rasu a ƙasar Makka. Sai ta juyo ta gan ni tsugune a gefenta da murfin tukunya a hannu. Ta daɗe tana kallona.

"Ɗiyag ga, mi kinka yi mani? Wa yac ce ki maido ni?"

Na ce Inna, kwananki ne bai ƙare ba, ni wace ce? Ta ce ta sani, ba ɗiyar jiya ce za ta koya mata tauhidi ba. Ta juya mini baya.

Na ji haushi, kuma na ji ciwo. Kafaɗuna sun sage, ina jiran ko sannu ce. Har muka koma Makka ba ta yi mini magana ba. In na kawo tuwo sai ta ci ta ture kwanon, ko kushen da ta saba ta daina, kuma wannan ya fi yi mini zafi. Ta warke sarai, ta yi ɗawafi da ƙafarta. Ta roƙi ɗanta ya bar ta a Mansur cikin masu zama ba takarda, kamar yadda da yawa suke yi. Ya ce ba zai koma ƙauye a ce ya yar da uwarsa ba. A nan na gane abin da ke gabanta. Za ta koma ɗakin da ta share, ta gaisa da mutanen da ta riga ta yi wa sallamar ƙarshe, ta ari tukunya a wurin waɗanda ta ba kyauta.

Ranar da motar Jidda ta zo ɗaukarsu ta aika aka kira ni. Ta wanke alawayyon ta ninke shi tsaf. Ta dangwara mini shi a hannu.

"Riƙe. Na Makka ne, ba shi zuwa ƙauye. Ke da anka haifa nan, kina kwance za ki samu abin da ni na biɗa da ƙafa."

Ta hau mota ba ta waiwayo ba. Da hajji ya zagayo, wasu alhazan garinsu suka gaya mini ta rasu da damina, aka rufe ta a bayan gari. Ashe abin da ya rage mata ko shekara bai kai ba.

Jikata ta ce, "Wallah ya sitti, kakata, daidai kika yi, mu ma haka ake koya mana." Na ce na sani, kuma yau aka sake kawo mini tsohuwar sai na sake jiƙawa. Amma wannan bai taɓa goge mini fuskarta ta kafin ta gan ni ba. A cikin wasan ma yarinyar ci gaba ta yi da wanke wa sojan rauni yana kallon bango. Wanda ya tsara wurin nan ya san aikin.

Alawayyon yana nan a ƙasan akwatina, ya yi ruwan ƙasa a wuraren ninki. 'Ya'yana sun sha cewa ya tsufa, za su sayo mini sabo, ina hana su. Ranar da muka kalli wasan na buɗe akwatin na nuna wa jikata inda yake, na ce in lokaci ya yi kada wanda ya canza shi. Tsohuwa ba ta samu shiga ƙasar Makka ba, amma in Allah ya yarda zanenta zai shiga, ni zan kai mata shi.