Hansai 'Yar Mai Niƙan Fada

Duk wanda ya saba bi ta bakin kasuwar Kaduna a shekarun hamsin ya san Hansai mai waina. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Mijinta Audu leburan jirgin ƙasa ne, shi ya kawo ta Kaduna tana amarya, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Ja'afaru. Da wainar ta riƙe shi har ya gama makaranta, ya zama akawu a ofishin gwamnati.

A fada aka haifi Hansai, amma ba 'yar sarauta ba ce. Uwarta Dije baiwa ce, an kamo ta daga ƙauyukan duwatsu, aka sa ta niƙa a gidan sarkin wani gari arewa da Zariya. Can Dije ta rasu, Hansai tana yarinya, aka binne ta a bayan madafa, gindin wata tsamiya. Ja'afaru ya san wannan labari, ba ya dai son a tayar da shi.

A ƙarshen daminar 1956 ya dawo daga aiki da labarin cewa sabon sarkin garin da aka haifi Hansai ya koma gidan siminti, an buɗe tsohuwar fada ga masu son gani. Abokan aikinsa biyu za su je ranar Lahadi, shi ma zai bi su.

"Da ni za a tafi," in ji Hansai.

"Inna, hanyar da nisa, ga ƙafarki."

"Akawu, ban taɓa roƙonka komai ba." Haka take kiransa, domin ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Babbar mota suka shiga, ta bi ta Rigachikun ta nausa arewa. Da suka isa, wani dogari mai suna Husaini ya tarbe su, ya shiga gaba. Ya nuna musu soron da sarakuna ke zaman shari'a, da zanen da magina suka yi a bango, da tambura da sulke da takubba a jingine. Yana lissafa sarakuna ɗaya bayan ɗaya, akawuna suna gyaɗa kai. Hansai tana baya da takalmanta a hannu. Bayi ba sa shiga wannan soro a zamaninta, sai yau ta ga cikinsa, kuma bai kai girman da take zato ba.

Da dogarin ya ce iyakar abin gani ke nan, sai ta ce, "Malam, ina hanyar madafa?"

"Babu komai can, Iya. Ta rushe tun tuni."

Ba ta jira izini ba, ta bi wani lungu ta dama, su kuma suka biyo ta. Ɗakunan bayi duk sun kwanta, wani ya shuka kuɓewa a filin. Tsamiyar an sare ta, ko kututture babu. Duwatsun niƙa ne kaɗai a jibge gindin katanga, ruwan sama ya taru a cikinsu. Ta yi ta zagawa cikin kuɓewar tana duban ƙasa, ta tsaya nan, ta koma can.

"Iya, kin san gidan nan ne?" in ji dogarin.

"Ni 'yar Dije ce mai niƙa. A nan take kwance."

Dogarin ya ce shi bai taɓa jin sunan ba, kuma tsofaffin da za a tambaya duk sun rasu. Abokan Ja'afaru suka dube shi, suka kawar da kai. Shi kuwa ya sunkuya yana kakkaɓe wandonsa.

"Inna, mota za ta tashi."

Ta durƙusa a inda ta ga dama, ta yi wa uwarta addu'a, ba ta san ko a kanta take ba ko nesa da ita. Sannan ta tashi ta bi su.

Bayan 'yan watanni matar Ja'afaru ta haifi mace. Hansai ta roƙi a sa mata Dije. Ya ce dangin matarsa sun riga sun zaɓi Aishatu, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Cikin daminar 1958 zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ciwon ya yi tsanani sai ta riƙa maimaita wasu kalmomi cikin wani yare da babu mai ji a gidan. Ja'afaru ya zaci yaren uwarta Dije ne, ya fita da sauri ya kirawo wata maƙwabciya 'yar kudancin Zazzau. Matar ta kai kunne bakin Hansai ta saurara, ta ɗago ta ce ba yarensu ba ne. Ya sake nemo wani mai gadi daga ƙasar Jos, shi ma bai gane ba. Kashegari da la'asar ta cika.