Kowa Sanda Ɗaya

Ɗalibaina suna ce mini Malam Mai Tattabaru, a bayan idona kuma na san suna ƙarawa da Mai Karkataccen Hannu. Duka biyun gaskiya ne. Lissafi nake koyarwa a wata firamare a Gagarawa, na haura hamsin, ina da saurin fushi, kuma in na taso daga makaranta ba ni da aikin da ya wuce zama gaban tattabaruna ina yi musu faɗan da yara suka ƙi ji. Labarin hannun nan kuwa ba ya faɗuwa sai na fara da kakata.

Iya Hansai ita ta haifi mahaifina. A ƙauyenmu, can arewa da Sule Tankarkar, in sanyi ya shigo takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Ba ta tatsuniya kyauta, sai kowa ya ɓare mata ƙoƙon gyaɗa. Kuma nata ba irin na sauran tsofaffi ba ne da ake tashi ana dariya, nata sai an zub da jini. Mahaifiyata ta taɓa kai ƙorafi, ta ce, "Iya, yaran nan fa fitsarin kwance suke yi." Iya ta ce, "To ki shanya tabarma, ai akwai rana."

Takan fara da cewa, "Ga ta nan tafe, mai tsoro ya koma bayan uwarsa." Mu kuma mu amsa, "Ta iso, muna nan."

Wadda ta zauna mini ita ce ta wani gari da ɓarayi suka addaba. Dattawan garin suka kafa doka: duk ɓarawon da aka kama, a toshe masa baki da tsumma, a rufa masa buhu a ka, a kai shi gindin tsamiya, kowane magidanci ya buga masa sanda ɗaya ya wuce. Ba a yarda ka ƙara ba, ba a yarda ka ƙi ba. In ya mutu babu mai alhaki, tunda kowa ya san sanda ɗaya ba ta kisa.

Akwai wani manomi a garin da ɗansa ya tafi cirani. Yaron ya dawo da asuba, bai so ya ta da mutanen gida ba, sai ya shiga garken gidansu ya duba ragon da ya bari. Maƙwabta suka ji motsi, suka danne shi cikin duhu, suka toshe, suka rufe, suka ja shi ƙasa har gindin tsamiya.

A nan Iya take ɗaukar kara ta karya a gwiwa. Ƙas. "Na farko ya sami kafaɗa." Ƙas. "Wannan haƙarƙari ne, ya shige ciki." Haka take bi gaɓa-gaɓa, tana jefa karyayyun karan a wuta, har buhun ya jiƙe ya manne da fuska, ƙafafun suka daina shure-shure. Wanda aka yi wa sata shi ke buga sandar ƙarshe, don haka aka miƙa wa manomin gora. Ya ɗaga da hannu biyu ya sauke a tsakiyar kai.

Da aka zare buhun za a yi wanka, ya ga ɗansa. Iya ta ce bai yi kuka ba. Gida-gida ya riƙa bi yana sallama yana tambaya wa ya kashe masa ɗa, kowa yana ce masa, "Ni ɗaya na buga." Da ya gama zagaye garin ya zo ƙofar gidansa, shi ma amsar da yake da ita ke nan, sai ya juya ya sake farowa daga gidan farko. "Har yanzu yana can yana zagaye," in ji Iya. "Ta ƙare. Ku tashi ku ba ni wuri."

Ni ban tashi ba. Na ce, "Iya, me ya sa ba su buɗe fuskarsa ba?"

Ta ce, "Kai, maigidana, tambayarka ta fi cefanenka yawa. Da sun buɗe ai da hannu ya yi musu nauyi."

Sai na ɗauka na gane: ka duba kafin ka buga, kada ya zama naka ne. Da wannan fahimtar na girma, na yi karatu a Gumel, na yi aure, har furfura ta fito mini.

Wata ranar kasuwar Maigatari na je neman tattabaru wajen masu kawo su daga Damagaram. Ina cikin ciniki na ji ihun ɓarawo. An kama wani saurayi a kan babur ɗin da ba nasa ba, ya tsinke waya yana ƙoƙarin tayarwa. Babu kuskure, shi ya yi satar. Kafin in ƙarasa sun kai shi ƙasa. Wani ya sauke masa bulo a baya, wani ya zabga masa sarƙar babur a fuska, kunnensa ya tsage yana lilo, jini yana bin yashi. Wani kuma ya gangaro da taya yana kiran a kawo fetur. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu mai daɗewa a kansa. Kowa ya buga sai ya ja baya, ya kakkaɓe hannu, wani ma ya koma rumfarsa ya ci gaba da awo.

Na kutsa na duba fuskarsa sosai. Ban san shi ba, ba ɗana ba ne, ba ɗalibina ba ne. Bisa fahimtar da na riƙe tun ina yaro, na sauke nauyi, sai in koma ga cinikina. Amma fushin nan nawa da bai taɓa amfana mini komai ba ya taso. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina ina zagin duk wanda ke wurin. Gorar da aka nufi kansa da ita ta sauka a hannuna na hagu, na ji ƙarar karyewarsa kafin in ji zafin. Suka ɗan tsaya, ganin dattijo da farar hula a ƙasa, har jami'an tsaro suka iso. Saurayin ya cika a mota kafin a kai Gumel.

Ina kwance an yi mini ɗori, sai ga Haladu ya zo dubiya. Tsohon ɗalibina ne, yanzu tela, yaron kirki mai zuwa sahun gaba. Na gan shi a kasuwar da katako a hannu, shi ma ya san na gan shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, wallahi ni sau ɗaya na buga. Ƙafa ma na samu."

Ni na koya wa yaron nan rabawa a allo, na nuna masa yadda abu ke ƙanƙancewa in mutane suka yawaita. Ranar na rasa yadda zan yi masa bayanin cewa rai ba ya cikin wannan lissafin. Na ce, "Haladu, ka san sunansa?" Ya ce a'a. Na ce ni ma haka.

Yanzu na gane Iya ta mai da shi ɗan gida ne don mu yara mu ji zafin, ba don kashe baƙo ya halatta ba. Ina baƙin cikin abin har gobe. Babu wanda ya zo Maigatari neman saurayin nan, an binne shi babu suna. Wataƙila a wani ƙauye, nan ko tsallaken iyaka, akwai matar da har yanzu take rage tuwo ta rufe, ko zai iso da yunwa.