Ƙarfe a Bakin Tamilla

A birnin Kirta kowa ya san Zumar da hali ɗaya: ba abin da zai shiga bakin doki a hannunsa sai ya fara shiga nasa. In sha'ir ne ya tauna, in ruwan rijiya ne ya kurɓa, har gishirin lasa sai ya ɗanɗana. Matarsa Tazrut takan ce, "Maigida, haniniya kawai ta rage maka, in huta da girki."

A bukkar makiyaya aka haife shi, a hannun ubansa ya koyi aikin. Igiya a wuyan doki, 'yar tsumagiya a hannu, sai fito, shi ke nan hawan mutanen ƙasar. Linzami kuwa abin baƙi ne. Fiton Zumar gajere ne, sau biyu, kuma dokin da ya hora ko yana tsakar cin abinci zai bari ya juyo. Shekara talatin yana bargar tsohon sarki, mutumin da ke cin busasshiyar gurasa a ƙofar tanti tare da mayaƙansa.

Tsohon ya mutu, ɗansa ya dawo daga Rum ya hau gado. Tir! Ya aske gemu ƙwal, ya naɗe jiki da wani farin mayafi da ke hana shi ɗaga hannu, ya cika fada da tulunan romon ruɓaɓɓen kifi da Rumawa ke tsiyayawa a kan komai. Ran da Zumar ya fara shaƙar warin sai da ya zaga bayan barga ya yi amai. Abin da ya fi ba shi ƙyama shi ne dattawan da suka ci yaƙi tare da tsohon sarki, ga su yau suna lasar yatsa suna wai daɗi.

Akwai wata farar goɗiya a bargar, Tamilla. Uwarta ta mutu wajen haihuwarta, Zumar ya raine ta da nonon akuya, da yatsansa a bakinta. Jakadan Rum ya gan ta ya yaba, sarki ko ƙiftawa bai yi ba ya ce ya ba shi. Sai dai jakadan bai iya hawa babu linzami ba.

Shamakin fada ya kawo ƙarfen ya ajiye gaban Zumar. "Baba, kwana bakwai aka ba ka. Ka saba mata da shi."

"In na ƙi fa?"

"Barorin jakadan su ɗaura mata. Ka dai ga bakin alfadaransu."

Ya gani, shi ya sa ya ɗauka. Da aka watse, ya yi abin da ya saba, ya sa ƙarfen a bakinsa ya ja. Sanyi, tsatsa, da ƙarnin yawun wata dabbar da bai sani ba. Ya danne masa harshe, ya tsaga masa gefen leɓe. Tazrut ta shigo da akushi ta same shi haka, ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta fasa.

Ya goge ƙarfen da yashi har ya yi santsi. Ya shafa masa zuma. Kwana bakwai yana lallashi, Tamilla ta karɓa, don hannunsa ne ya miƙo.

Ranar tafiya aka taru a ƙofar gari. Sarki yana ta zuba yaren Rum, ana tafa masa ba tare da an ji me ya ce ba. Aka ɗaga jakadan aka ɗora kan Tamilla kamar buhun hatsi, ya damƙe ragama da hannu biyu. Zumar na tsaye can gefe. Da ya ga farin bayanta ya fara nisa, bai san lokacin da fiton ya kuɓuce masa ba. Gajere, sau biyu.

Ta juyo da ƙarfinta duka. Jakadan ya tsorata ya fizga. Ƙarfen ya yaga bakin, jini ya gangaro kan farin ƙirjinta, amma ba ta daina neman juyowa ba, kunnuwanta a miƙe tana jiran Zumar ya sake fiton.

"Wane ɗan iska ne ya yi fito?" in ji shamaki.

Zumar ya cije leɓensa, daidai inda ƙarfen ya tsaga. Ya san in ya ƙara za ta zo, ko da muƙamuƙinta zai rabu biyu. Bai ƙara ba, ya sunkuyar da kai, har ta gaji da jira ta bi inda aka ja ta.

Washegari ya bar barga ya koma ƙauye noman sha'ir. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Tazrut ta ce a duk shekarun nan bai sake yin fito ba, ko akuya ce ta shiga gona, sai dai ya tashi da ƙafarsa ya je ya koro ta.