Tsuntsun da Ya Rufe Fuskar Hajjo

A kasuwar Birnin Gwari har da mai rantsuwa da kabarin kakansa cewa matar Mainasara direba ba mutuwa ta yi ba, rikiɗa ta yi ta zama farin tsuntsu ta tashi sai Ikko. Wai shi ya sa duk sanda ya sauke gyaɗa a can, sai ya tafi bakin teku da kyamara yana kiran sunanta. Wata mai fura ma ta ce da idonta ta ga gashin tsuntsu a aljihunsa.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Hajjo, matar Mainasara, tana kwance a maƙabartar Damari, kuma taubashinsa Ladan na cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Gashin tsuntsun kuwa na zabo ne, da shi yake sosa kunne.

Ga yadda abin ya faru. Shekara huɗu bayan mulkin kai, Mainasara ya sayo kyamara a Ikko, irin mai kamar akwati, wadda in ka ɗauki hoto ɗaya sai ka murɗa fim kafin ka ɗauki wani. Ya ɗauki motarsa ta gaba da ta baya, ya ɗauki akuyar maƙwabci, ya ɗauki Ladan har sau uku duk da munin Ladan. Hajjo kaɗai ta ƙi.

"Ba ka ɗauke mini kurwa ka zuba a akwati," in ji ta. "In kana son aiki, ɗauko mini tekun nan da kake cika mana kunne da shi."

Ran da zai koma Ikko, tana bakin ƙofa tana sheƙar dawa, ta juyo za ta yi masa magana, ya danna a sace. Kamar ɓarawon kaza, ya cusa kyamarar a jaka. Bai murɗa fim ba.

A bakin teku ya ga wani farin tsuntsu mai dogayen fukafukai ya tsaya cak a iska, yana leƙen kifi. Ya danna. Kwana goma sha ɗaya ya yi a tafiyar, don gada ta karye a hanya. Ko da motarsa ta iso gari, sanƙarau ya riga shi shiga gida ya ɗauke Hajjo, an ma yi sadakar uku.

Bai yi kuka a gaban mutane ba, yana da abin da ya riƙe. Ya kai fim wurin Enoch mai wankin hoto a bakin tasha. Da hoton ya fito, ga ƙofa, ga faifai, ga zanen Hajjo da hannunta. Inda fuska take kuwa, fukafukai ne a buɗe, da ruwa a bayansu.

Enoch ya dubi Mainasara, sai ya ce, "Direba, in ka samo mini wannan tsuntsu shi kaɗai, a buɗe haka daidai, ƙila in gwada cire shi." Tausayi ne ya sa shi faɗa. Mainasara kuwa ya ɗauki maganar da gaske.

Shekara tara ke nan. Ya tara hotunan tsuntsaye da za su rufe garin Kusasu har gonakinsa. Ya san mai nutso, ya san mai bin jirgin ruwa, ya san wanda ba ya zuwa sai damina ta wuce. Ko ɗaya bai buɗe fiffike daidai ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, da can in ya rufe ido yana ganin Hajjo sarai. Daga baya hanci ya tafi, sai wushirya. Yanzu in yana tuƙi cikin daji, itatuwa sun haɗe kai, ya kira fuskarta, fukafukai ne ke zuwa.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya baje sababbin hotuna a tabarma yana gwada su da tsohon, sai ga Ladan.

"Ango mijin tsuntsuwa! Ka gaishe mini da surukanka? To kai bawana, ga balbela nan burjik a bayan shanun Fulani, kyauta, sai ka je Ikko? Ni fa ko makaho ya tambaye ni kamannin Hajjo, na zana masa."

Mainasara bai ɗago ba. Ya ɗora wani hoto a kan tsohon, ya duba, ya ajiye gefe.

"Bar Hajjo, ba taka ba ce," ya ce. "Goggo ta haife ka, shekararta bakwai a ƙasa. Rufe ido, tunda bakin ba ya rufuwa, ka gaya mini a wane kunci tabonta yake. In ka faɗa, ɗauki kyamarar ka tafi da ita."